Za Mu Yi Da Kanmu

Abin yakan fara ne ranar da mai dekoreshon ta turo farashi. A bikin 'yar yayana da aka yi bara a nan Kano, saƙon murya ta turo, aka kunna shi a falo kowa yana ji. Ta lissafa rigunan kujeru, ta lissafa bangon fulawa da za a kafa bayan ango da amarya, ta lissafa adon tsakiyar tebur har talatin, sannan ta faɗi jimla cikin sanyin murya kamar mai faɗin kuɗin ƙullin gishiri. Falo ya yi tsit. Uwar amarya ta ce a sake kunnawa, ko kunnenta ne ya ji ba daidai ba. Aka sake, kuɗin nan bai ragu da ko sisi ba. Can sai wata murya ta fito daga bayan kujera: "Wai me ke cikin abin nan ne? Ba yadi ba ne da fulawar roba? Mu yi da kanmu mana!"

Wadda ta faɗi haka, ku riƙe ta a rai, domin daga ranar ba a sake ganinta ba sai a wurin dina, ta sha ɗauri tana liƙi.

Mu dai da muka tashi muka tarar da biki yana da kamu, da sa lalle, da ɗaurin aure, da yini, da kai amarya, da buɗar kai, ba mu san wani abu wai shi tebur mai zagaye da kujera goma ba. Dina ce ta zo mana da shi, shi kuma ya zo da tambayarsa: me za a ɗora a tsakiyarsa? Na yi wannan aikin gayya a bukukuwan dangi fiye da yadda zan so in tuna, kuma na lura da abu guda. Gida ya bambanta, unguwa ta bambanta, amma mutanen da ke taruwa a kan wannan tambaya su ne dai su, sai ka ce haya ake ɗauko su.

Ta farko ita ce Na-Gani-A-Waya. Yawanci ƙawar amarya ce ko ƙanwarta, wadda ta tara hoto ɗari huɗu daga Pinterest da Instagram, ba ta kuma taɓa riƙe almakashi da niyyar aiki ba. Ita ce ke buɗe guruf a WhatsApp, ta raɗa masa suna, ta sa kanta shugaba. Ƙarfe biyun dare za ka ji waya ta yi ƙara: hoton wani biki ne a lambun Italiya, dogon tebur ƙarƙashin itatuwa, fararen wardi sun zubo har ƙasa. A ƙarƙashi ta rubuta, "Anti, irin wannan nake nufi, mai sauƙi kawai." Ba ta san wardin da ake gani a manyan bukukuwa da yawansa daga gonakin Kenya yake zuwa ba, irin na gefen tafkin Naivasha, a jirgin sama, cikin sanyi tun daga gona har hannun mai saye. Bikinmu kuwa a watan Afrilu ne, lokacin da zafin Kano ke taka 40 ya wuce, lokacin da ko ganyen latas aka bari a tsakar gida kafin a idar da sallar Azahar ya yi laushi.

Ita ba ta san ja da kore ba. Launukanta sunayen abinci ne da 'ya'yan itace na wasu ƙasashe. Sai da muka zagaya layin 'yan yadi a Kantin Kwari sau uku muna neman wani launi da ta ce ba hoda ba ne, ba kuma ruwan goro ba ne, yana tsakani. Wani dattijo mai shago ya gaji, ya karɓi wayar ya ƙura mata ido, ya ce, "'Yata, ai wannan launin kunun gyaɗa ne da aka ɗan zuba wa tsamiya." Ya jawo bandir daga ƙasa. Shi ne kuwa. Ta saya, amma har yau ba ta yafe masa sunan ba.

Kusa da ita akwai Mai Biro, wadda ta rantse za a kashe kashi ɗaya cikin huɗu na abin da mai dekoreshon ta nema. Tana da littafi, tana da kalkuleta, kuma lissafinta daidai yake, sai dai abin da ta manta ta rubuta. Ta rubuta fulawar roba dozin kaza a Sabon Gari, ba ta rubuta kuɗin adaidaita sahu ba, alhali tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 fita kasuwa ta zama abin da ake yi wa shawara. Ba ta rubuta cewa za a koma sau biyar ba: yau gam ya ƙare, gobe ribon bai isa ba, jibi an gano fulawar da aka ƙaro ba ta yi kala ɗaya da ta farko ba, domin kwantenar da ta kawo waccan daga Sin ta riga ta ƙare. Ba ta rubuta abincin 'yan aikin gayya goma sha biyu na kwana huɗu ba, waɗanda ba su karɓi ko kwabo ba amma sun ga bayan rabin buhun shinkafa. Idan ka tuna mata cewa araha ba ta ado, sai ta juya shafi ta nuna maka inda ta samu ragin ɗari biyu a kan zare. Bayan biki na tambaye ta jimla. Ta ce littafin ya ɓata a hidima.

Sai Uwar Kwalabe. Wannan ina ƙaunarta, ko da yake ta sa na yi wata biyu ba na son jin warin bama. Ita ce ta ga bidiyon da aka fesa wa tsohuwar kwalba fenti ruwan gwal ta koma kamar kayan gidan sarki. Tun daga ranar babu kwalbar da ta tsira a unguwa. Kwalbar bama, ta zuma, ta man shafawa, gwangwanin tumatir, na madara, har da ta maganin tarin maigidanta da bai gama sha ba. Tebur talatin, kwalba uku-uku, casa'in ke nan, kuma sai ta bi gida-gida ta cika su. Abin da bidiyon bai nuna ba shi ne cire takardar jikin kwalba. Minti ɗaya ne a waya. A tsakar gida kuwa yini ne cur, da ruwan zafi da omo da soson ƙarfe, wani gam ɗin ma sai an shafa masa man gyaɗa ko kananzir yake saki. Ba a kuma nuna cewa fentin feshi ba a yin sa a inda iska ke kaɗawa ba. Mu mun yi namu kusa da igiyar shanya. Yayana ya je Juma'a da jamfa mai ɗigo-ɗigon zinariya a kafaɗa, wata kazar gidan kuma ta yi sati tana yawo da gefe guda na gwal, yara suna bin ta.

Gaskiyar magana, kwalaben sun yi kyau. Da aka zuba musu yashi don su yi nauyi, aka soka reshe biyu-uku a kowace, daga nesa ba mai cewa jiya tumatir ne a ciki. Daga kusa ne dai wata baƙuwa ta juya ɗaya ta karanta ranar lalacewar kaya a gindinta.

Yanzu mu zo kan Gwaggo, wadda sunanta na aiki A-Zamaninmu. Kowane gida yana da ita. Takan sa a shimfiɗa mata tabarma a inda za ta ga komai, ta ajiye goronta da carbinta, ta fara sharhi. Ta dubi kwalaben ta ce, "Ikon Allah! Yau bola ce ta samu sarauta." Ta dubi fulawar roba ta ce, "Ita wannan ba ta ƙamshi, ba ta ci, ba ta mutuwa. To ta mece ce?"

Da farko yaran suna ƙunshe dariya. Ni kuwa na matsa kusa, domin na san duk tsakar gidan nan babu wadda ta kai ta sanin aikin. Wannan "mu yi da kanmu" da 'yan mata ke ɗauka sabon abu ne da waya ta kawo, ai sunansa jere, kuma matan Hausawa sun fi ƙarni suna yin sa ba tare da an biya kowa ba. Gwaggo ta ba mu tarihinsa a zaune. Na kakarta ƙore ne, farare tas, an yi musu zane, an jera su manya a ƙasa ƙanana a sama, da faya-fayai a kife. Daga baya tasoshin tagulla suka shigo, irin na maƙeran Bida, waɗanda ake gogewa da toka da lemun tsami har mutum ya ga fuskarsa. A nata auren kuwa zamanin kwanon fenti ne: kwalla, da langa, da samira, a ɗora wannan kan wannan tun daga ƙasa har kusa da rufi, ga gadon ƙarfe mai rumfa an lafta masa katifa da matasai. Gwaggonni da innoni da ƙawayen uwa su ke zuwa ɗakin amarya su yini suna yi, ana guɗa, ana gardamar wace kwalla za ta zauna a tsakiya. Bayansu aka koma tangaran a cikin kabad mai gilashi. Abin da ya bambanta nasu da namu, in ji ta, nasu amarya za ta shekara ashirin tana kallonsa, in ta shiga matsi ta ɗauki kwalla biyu ta sayar, in ta haifi mace ta ajiye mata. "Naku fa? Awa huɗu, a kwashe a zuba a buhu."

Babu wadda ta iya ba ta amsa. Kuma ita ce, bayan ta gama zagin aikin tas, ta miƙa hannu ta karɓi wata kwalba da aka yi wa cunkoson fulawa kamar motar kasuwa, ta zare rabi, ta bar uku, dogo ɗaya gajeru biyu. Nan take abin ya zauna. Ta ce, "Ido ma yana son wurin numfashi." Daga nan ta sa aka ɗauko mata akwatinta, ta fito da ƙore goma sha biyu da faya-fayai na aurenta, ta ce a sa a teburan gaba, da sharaɗin a dawo mata da abinta a ƙirge. Inda nata bai isa ba muka cika da sababbi daga Kasuwar Kurmi, wadda tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15, ake cinikin irin waɗannan kaya a cikinta. Abin dariyar shi ne Na-Gani-A-Waya, wadda da farko ta ce ƙwarya ƙauyanci ce sai dai a ranar ƙauyawa, da ta ga wata Ba'amurkiya ta sa irinta a nata teburin a Pinterest, sai ta dawo tana cewa ita ta kawo shawarar.

Akwai Sufeto. Ba ta ɗaukar komai sai jakarta. Tana tsaye a tsakiyar hol, hannu a ƙugu: "A ɗan matsa da shi hagu. A'a, ya yi yawa. Mayar da shi inda yake." Hijabinta bai taɓa sanin gam ba. Idan aka yaba aiki, "mun sha wahala", idan aka kushe, "ai na faɗa musu."

Akwai kuma Ga-Ni-Nan-A-Hanya, wadda ribon ɗin duka yana hannunta. Tun ƙarfe tara take kan titin Zariya.

Maza ba su cika shiga wannan sha'ani ba, amma akwai guda ɗaya da ba ya wucewa: Injiniya. Ƙanen uwa ne ko yayan amarya, bai karanci lantarki ba, amma ya taɓa gyara fanka a gaban mutane, tun daga nan sunan ya bi shi. Shi aka damƙa wa ƙananan fitilun nan masu walƙiya da ake samu a Sabon Gari, waɗanda suka fi yawa a kasuwa gab da Kirsimeti. Tsarinsa shi ne kowane tebur ya samu wuta daga soket ɗaya tilo da ke bayan dije. Ya ja waya ta ƙarƙashin kafet, ta tsakanin ƙafafun kujeru, ya haɗa wannan da wancan da baƙin salatif da haƙori. Ka ce masa, "Kawu, akwai masu batir fa," ya dube ka kamar ka zagi sana'ar gidansu. Ranar biki, da aka ɗauke wuta aka tayar da janareta, fitilun suka yi wani haske da ba a halicce su da shi ba, na daƙiƙa uku, suka mutu gaba ɗaya. Wata Hajiya mai takalmi mai tsini ta harɗe da waya ta jawo kwalaben tebur biyu. Injiniya yana gefe yana bayani wa wanda bai tambaye shi ba cewa laifin mai janareta ne.

Rundunar balan-balan kuwa yaran gida ne, daga ɗan shekara shida zuwa ɗan sha huɗu, waɗanda aka yi wa alkawarin lemo. Ɗari biyar aka ce su hura, da baki, saboda Mai Biro ta soke kuɗin famfo. Hamsin na farko cikin murna aka yi su. Daga ɗari sai ka ga yaro ya jingina da bango, ido ya yi ja, kumatu sun saki. Kuma yaro ba ya hura balan-balan rabi. Sai ya kai ta inda ba ta iya ƙara ko numfashi ɗaya. Iskar da ke ciki kuwa tana buɗewa in ta ji zafi, shi ya sa masu sana'ar ke barin ta da ɗan laushi. Namu an ɗaure su tamau, aka yi baka da su a ƙofar hol, a rana. Kafin La'asar suka fara fashewa ɗaya bayan ɗaya, tau, tau, har mai gadi ya leƙo da sanda. Abin da amarya ta shiga ta ƙarƙashinsa da daddare ya fi kama da bakin tsoho.

Wadda nake tsoro da gaske ita ce Mai Sabuwar Dabara. Sauran ɓarnarsu ta kuɗi ce, tata ta rai ce. Ita ce ta ce a kunna kyandir na gaske a kowane tebur, a ɗakin da mata ɗari uku za su shigo da mayafai masu santsi suna miƙa hannu ɗaukar samosa, ga fankoki na kaɗawa, ga yara na gudu. Da aka hana, ta ce to a sa kaskon turaren wuta a tsakiyar kowane tebur. Turaren wuta abu ne mai kyau, wurinsa bakin ƙofa, mutum ya ratsa ya wuce. Kasko talatin a rufaffen ɗaki kuwa sai dai a kira motar asibiti wa masu asma. Sannan ta zo da ta ƙarshe, wadda ta aiwatar a ɓoye a babban tebur: ƙananan kifaye jajaye masu rai a cikin kwanon gilashi. Kifin nan bai saba da kiɗan dije ba, bai saba da ɗan ruwan da ya yini a mota ba. Kafin a yanka kek biyu sun juya ciki sama, suna shawagi a gaban uwar ango. Wani yaro kuma ya jefa wa sauran cincin don tausayi.

Ita ce kuma ta barbaɗa garin ƙyalƙyali a kan rigunan tebur. Duk wanda ya ci soyayyiyar shinkafa a daren nan ya koma gida leɓensa na walƙiya. Ƙyal-ƙyal banza da ake faɗa, ranar na gan shi da idona.

A cikin duk wannan hayaniya akwai wata da ba a jin muryarta. Ba ta cikin masu turo hoto a guruf, wataƙila ma wayarta ba ta ɗaukar WhatsApp. 'Yar ƙanen uba ce da ta zo daga Ɗambatta, ko matar wani ƙane da ba ta daɗe da shigowa dangi ba. Tun ranar farko ta zauna a lungu da bindigar gam, kuma duk abin da ya tsaya da ƙafarsa a hol ɗin nan hannunta ne ya tsayar da shi. Yatsunta duk ƙuna, domin narkakken gam ba ya tambaya. In an ɗauke wuta bindigar ta huce, ta kunna kyandir ta narka sandar gam ɗin a kai ta ci gaba. Ita ce ta je wurin tela ta roƙo ƙyallayen ankon da suka rage, ta yanka su tsawo ɗaya, ta ɗaura a wuyan kowace kwalba, sai ga tebur ya yi anko da masu zama a kansa. Ita ce ta zauna a kujera ta gwada, ta ce duk adon da ya wuce haɓar mai zaune a rage shi, don mutane su ga fuskar juna. An bi maganarta a ko'ina ban da tebur guda, inda aka zaunar da wasu kishiyoyi biyu. Nan ta bar dogon da gangan, kuma su biyun sun yaba.

Masu hol sun ce ba za a ba mu wuri ba sai ƙarfe goma na safiyar ranar, saboda akwai wani biki a daren jiya. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu a ranar muka fafe namu. Ita ta shiga da goma, ta fito da Magariba, ta yi wanka a gurguje, ta dawo ta tarar babu kujera. A tsaye ta ci abincinta, a bayan bangon fulawar da ta kafa. Na duba hotunan bikin gaba ɗaya, sau ɗaya ta fito, gwiwar hannunta ce a gefen wani hoto. Da emsi ya ce a tafa wa waɗanda suka ƙawata wuri, Sufeto ce ta miƙe ta ɗaga hannu.

Sai baƙi suka iso, su ma kala-kala. Akwai Masu Kima, yawanci daga dangin ango, waɗanda ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Kafin su zauna sun murza rigar tebur tsakanin yatsa biyu, sun san yadin nawa ne a Kwari. Su shinshina fulawa, su dubi juna. Ba sa cewa komai ya yi muni. Cewa suke, "Kai, sun yi ƙoƙari," da wata irin murya da ta fi zagi ciwo. Akwai masu hoto, da za su jawo adon teburin maƙwabta su haɗa da nasu don hoton ya cika, su bar wancan tebur tsirara. Akwai masu rabon abinci, waɗanda a wurinsu adon tsakiyar tebur wani abu ne da ya tare wurin faranti. Da gwiwar hannu suke ture aikin kwana huɗu.

Teburan da aka sa wa faifai da ƙwarya ne kaɗai suka tsira da mutuncinsu, saboda abin da ke ciki: dabino, da goro, da alawa, da dubulan, da ɗan alkaki. Mutane suka zauna suka sa hannu, hira ta kama tun kafin ango ya iso, kuma ango ya makara da awa biyu. Lemun tsami da muka sayo a 'Yan Lemo muka cika manyan kofunan gilashi da shi ma ya yi kyau ƙwarai, kore shar a kan farin yadi, kuɗinsa kuma bai kai na fulawa dozin ɗaya ba. Ni dai a nan na tsaya: a teburin Bahaushe, adon da ba a ci bai cika aikinsa ba.

Amarya fa? Ta shigo kanta a sunkuye, an ɗora mata ɗauri da gashin ido masu nauyi, hasken masu bidiyo a fuskarta. Bayan sati na tambaye ta yadda ta ga teburan. Ta ce, "Anti, akwai tebura?"

Na bar Hajiya Kwashe a ƙarshe domin ita ma a ƙarshe take aikinta. Ba ɓarauniya ba ce, kada a fahimce ni ba daidai ba. Mace ce mai mutunci, ta je Makka, ta yi wa amarya liƙi mai kauri. Kawai dai a fahimtarta duk abin da aka ɗora a tebur rabo ne, kamar robobi da kalandar da ake bayarwa a ƙofa. Tana zuwa da babbar jaka, a cikin jakar akwai leda, a cikin ledar akwai wata ledar. Da an fara addu'ar tashi, kowa ya rufe ido ya ɗaga hannu, ita hannu ɗaya take ɗagawa. Fulawa ta shige, kwalba ta bi ta, lemun tsami na miyar gobe. Idan ta haɗa ido da kai ba ta jin kunya, murmushi take yi: "Na ɗaukar wa jikata, tana son irin wannan." Kuma ba ita kaɗai ba ce, da ɗaya ta fara, sauran sai su ga ai an ba da izini. Cikin minti goma hol ya koma kamar gonar da fara ta sauka. Mai Biro, wadda ta tsara za a sayar da kayan bayan biki a mayar da rabin kuɗi, tana tsaye a ƙofa tana kallon jarinta na fita a hammatar mutane. Daga kwalba casa'in, goma sha ɗaya muka tarar, huɗu a fashe. Ko kifin da ya rage da rai wani ya tafi da shi, da kwanonsa.

Duk wannan mun yafe, kwalaben bama ne, Allah ya amfana. Amma ƙoren Gwaggo goma sha biyu ne, goma sha ɗaya suka dawo. Wadda ta ɓata tana da ɗinkin zare a baki inda ta taɓa tsagewa, da zanen ƙadangare a gindi, kuma ta girmi duk wanda ya zauna a teburin nan. Yau wata goma ke nan, duk gaisuwar da na je sai Gwaggo ta tambaye ni kafin ta amsa sallama. Hajiyar da ta zauna a tebur na uku daga hannun dama, mai koren leshi: don girman Allah ki aiko da ita gidan amarya, ko a hannun yaro ne. Ba za a tambaye shi daga ina yake ba.